Wakilin Mai Gilashi

Mai Gilashi mutum ne da ya fi yarda da hannunsa a kan bakinsa. Tun yana saurayi yake yankan gilashi, sana'ar kuma ta bar masa shaida: ƙananan tabo farare a yatsu, da wata irin tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Shagonsa dogon ɗaki ne a bakin titi. Daga gaba akwai kanta da bencin masu jira. Daga ciki kuma ga babban teburin yanka da aka shimfiɗa wa bargo, ga fallayen gilashi jingine da bango, gefensu kore shar, kai ka ce ruwa aka tsayar ya ƙi zubewa.

Abin da ya dame shi a 'yan shekarun nan ba gilashi ba ne, waya ce. Gari ya cika da gine-gine, kowane gini kuma yana son taga. Saƙo kan shigo yana tsakiyar jan layi a kan falle, mai yanka kuwa in ya ɗaga hannu a tsakiyar layi, fallen ya tashi aiki. Sai ya bar wayar ta yi ta kukanta. Kafin ya karkaɗe hannu ya duba, mai neman madubi ya gaji ya nufi wani shagon.

Autarsa ce ta kawo maganar. Ta gama karatun kasuwanci ta dawo tana zama a kanta, kowa kuma Auta yake ce mata, har kwastomomi.

"Baba, zan yi maka wakili," ta ce wata safiya tana buɗe kwamfutarta.

"Wakili kuma? Ina zai zauna? Shagon da ni da ke ma ya yi mana kaɗan."

"A cikin waya zai zauna. Ba ya cin abinci, ba ya ciwon kai, ba ya cewa bari ya je ya dawo."

"To wannan ai ya fi ki," ya ce, ya jawo kujera.

Ta yi masa bayani cewa irin ƙirƙirarriyar basirar nan ce da ake ta maganarta a rediyo, kuma akwai kamfanonin da suka shirya manhajar da mutum zai haɗa nasa wakilin ba sai ya iya harshen kwamfuta ba. Ya zura ido. Farin shafi ne fetal, a gefensa wasu ƙananan akwatuna a jere. Ta jawo ɗaya ta ajiye a tsakiya ta rubuta a ciki: ka gaishe shi. Ta jawo wani: ka tambaye shi tsawo da faɗi. Ta ja kibiya daga na farko zuwa na biyu. Haka ta yi ta jerawa, akwati da kibiya, akwati da kibiya, kamar mai shanya.

"Saura kai, Baba. Jawo ɗaya."

Ya kama ɗan linzamin kwamfuta ya ja. Da ƙyar akwatin ya biyo shi ya zauna.

"Me za a rubuta a ciki? Abin da kake faɗa wa mutane kawai," Auta ta ce.

Ya ce, "In na teburin falo ne, a tambaye shi ko akwai yara ƙanana a gidan. In akwai, a ce masa ya ɗauki mai kauri, a goge masa baki."

Ta rubuta yadda ya faɗa, ba ta canja ko harafi ba. Sannan ta ce ya koma benci ya turo saƙo daga wayarsa kamar baƙo. Ya rubuta da yatsa ɗaya cewa yana son gilashin tebur. Bai gama ɗaga kai ba amsa ta iso. An gaishe shi cikin ladabi, an tambaye shi awo. Ya ƙirƙiro awo ya tura. Sai ga tambaya: ranka ya daɗe, ko akwai ƙananan yara a gidan?

Mai Gilashi ya ajiye wayar a kan benci a hankali, ya matsa kaɗan daga kusa da ita. Maganarsa ce. Tunanin da ya fara yi tun ranar da ya ga wani jinjiri da yankan gilashi a goshi, shekaru aru-aru, shi ne yanzu ya fito daga wani abu marar baki, da safiyar nan, kafin shayinsa ya huce.

"Ikon Allah," ya ce. Can kuma ya sake cewa, "Ikon Allah."

Wakili ya kama aiki. Mutane suka riƙa zuwa da awonsu a shirye, wasu har suna tambayar ina yaron nan mai hankali da ke amsa waya. Mai Gilashi kan nuna aljihun Auta ya ce, "Yana ciki, kunya gare shi."

Ranar da abin ya fara nuna iyakarsa, wata babbar mota ce ta tsaya a ƙofar shago, wani ɗan kwangila mai ƙaton tumbi ya diro yana share gumi. A bayan motar ga ƙofofin gilashi an ɗaure su da katifa. Ya ce sun ɗara ramin ƙofa da ɗan yatsa, ya tambaya a waya ko za a rage masa, an ce ya kawo.

Mai Gilashi ya hau motar ya duba kusurwar ƙofa ɗaya, ya ga ɗan hatimin masana'anta. Gasasshen gilashi ne, irin wanda ake gasawa da wuta ya yi ƙarfi. Wannan ba ya yankuwa. Ka taɓa shi da abin yanka, sai ya tarwatse ya zama tsakuwa. Ya sauko ya yi ta ba mutumin haƙuri, shi kuwa yana ta faɗa, a wuce wurin. Da motar ta tafi, Auta ta jawo sabon akwati ta rubuta cewa duk wanda ya ce a rage masa gilashi, a fara tambayarsa ko gasasshe ne. Kafin ƙurar motar ta lafa an toshe wannan ramin. Amma kunyar ta zauna wa mahaifinta a wuya.

A ƙarshen makon ƙanwarsa ta zo gaishe shi. Ita ce ta ƙarshe a ɗakinsu, shi ya goya ta, shi ya kai ta makaranta a kan keke, yanzu kuma tana rubuta manhajoji a wani babban kamfani, dangi duk Injiniya suke kiranta. Da ta ji labarin ƙofofi sai ta ce a nuna mata wakilin. Ta kalli akwatunan ta yi murmushin da Auta ba ta so ba.

"Ya yi kyau, 'yata. Amma fa gidan haya ne. Ranar da masu manhajar suka ga dama su canja tsari, ko su rufe, sai ki tattara akwatunanki ki rasa inda za ki kai su. Zanen aro ba ya rufe katara."

"To Gwaggo, naki fa?"

"Nawa da hannu ake rubuta shi, layi-layi, da harshen kwamfuta. Yana ɗaukar lokaci. Amma in an gama, naku ne, kuma babu abin da za a ce masa ba ya cikin jerin akwatuna."

"Gidan kanka da mabuɗinsa ke jakar wani, ai shi ma haya ne," Auta ta ce ƙasa-ƙasa.

"Me kika ce?"

"Cewa na yi shayinki zai huce, Gwaggo."

Mai Gilashi ya yi dariya ya bar su. A ransa ya ɗauka maganar ta mutu a nan.

Ɗan kwangilar nan ne ya tayar da ita. Ashe faɗansa na baki ne, kuma ya ji daɗin yadda aka gaya masa gaskiya maimakon a farfasa masa kaya. Ya dawo da aikin da shagon bai taɓa samun irinsa ba: tagogin wata sabuwar makaranta gaba ɗaya, manya da ƙanana, dogaye da gajeru, kusan babu biyu masu awo ɗaya, don magina kowa da irin idonsa. Yana so a gaya masa falle nawa za a ci.

Auta ta ce wakili zai lissafa. Ta zauna ta yi ta jawo akwatuna. In taga ta fi kaza, bi nan. In ragowar ta isa, koma can. Kafin la'asar shafin ya zama saƙar gizo-gizo, kibiyoyi sun hau kan juna, ita kanta ta kasa gane ina ne kai ina ne gindi. Ta rufe kwamfutar ta ce, "Baba, a kira Gwaggo."

Injiniya ta fara zuwa duk ranar da ba ta aiki. Takan zauna a kusurwa kusa da teburin yanka, kwamfutarta a cinya. Nata shafin baƙi ne wuluk, da ƙananan rubutu masu launi kamar tururuwa. Mai Gilashi ya leƙa sau da dama bai ga akwati ba, bai ga kibiya ba, bai ga komai da zai ce ga shi ba.

"Ƙanwata, yau me aka yi?"

"Yau na gyara abin da na ɓata jiya, Yaya."

"Allah ya ba da sa'a. Ni dai na Auta tun kafin shayi ya huce ya yi magana."

Ranar da ta fara nuna masa zane, ya kalla ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Na'urar ta jera tagogin a cikin falle tsaf, ba ɓarna, amma an sarƙe su kamar tubalin gini.

"Wannan sai aljani ya yanka. Gilashi ba ya shan kwana, Injiniya. In ka fara layi daga wannan baki, sai ka dire a wancan bakin. Ka ɓalle, sannan ka ɗauki rabin ka sake."

Ba ta ji haushi ba, idonta ma ƙyalli ya yi. "Sake faɗa, Yaya. A hankali." Ya sake faɗa, ya ɗauko guntu ya nuna mata. Ta tambaye shi siririn da ya fi kowane siriri da zai iya ɓallewa bai fashe ba. Ta tambaye shi ko gilashi mai zane ana juya shi a kwance. Duk abin da ya faɗa sai ta sunkuya ta mayar da shi tururuwa. Tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi masa ke nan, wasu ma sai da ya tsaya ya tambayi hannunsa kafin ya ba ta amsa.

Shi dai bai jira ta ba. Ya yi lissafinsa a ka yadda ya saba, ya sa aka kawo fallaye daga masana'anta aka jingine. Ranar da zai fara yanka, ta shigo ta ajiye kwamfutar a kan bargon tebur ta danna. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba zanuka suka bayyana, falle bayan falle, kowane layi daga baki zuwa baki, an sa musu lamba, na fari, na biyu, na uku.

Ya sa tabaransa ya sunkuya. Zanen farko irin nasa ne, da shi ma haka zai yi. Na biyu ma haka. A na uku ya tsaya. An ɗauko wata 'yar tagar banɗaki an kwantar da ita a gefen wata doguwar tagar aji, a wurin da shi tun yana yaron shago yake jefarwa a kwandon guntaye. Ya ɗauko tef ya auna a kan falle. Ta shiga. Ya sake aunawa. Ta shiga, har da ɗan wurin numfashi.

Ya kwantar da falle, ya ɗora rula, ya ɗiga mai a bakin abin yanka, ya ja. Sautin nan siriri ya ratsa shagon, ƙiiii, sannan ƙas. Ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya kamar makaho da ɗan jagora. Auta ta baro kanta ta zo ta tsaya. Da ya gama fallen, abin da ya saura a kan bargo wani siririn tsinke ne da bai kai faɗin yatsa biyu ba. Ya ɗaga shi sama, haske ya bi ta cikinsa ya zuba kore a kan hannunsa.

Shekara da shekaru yana kallon falle yana ganin hanya biyu ko uku. Ashe hanyoyin sun fi gashin kai yawa, suna nan kwance a cikin kowane falle da ya taɓa yankawa, ba su ɓuya ba, idon mutum ne bai isa ba. Kuma yarinyar da ya goya tana zuba masa yawu a wuya ita ce ta rubuta abin da ya leƙa su duka a ƙiftawa ɗaya.

Da aka kammala aikin makarantar, falle guda cur na jingine a bango ba a taɓa shi ba.

A nan ne Injiniya ta kawo buƙatarta. Ta ce a bar ta ta rubuta wakilin gaba ɗaya, daga gaisuwa har lissafi, a watsar da akwatuna. A nan ne kuma ta faɗa musu cewa kamfaninsu ya ɗauke ta zuwa wani gari mai nisa, amma ba komai, akwai waya.

Auta ba ta yi musu ba. Ta dai sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta.

Mai Gilashi ya kwana biyu yana juya maganar. Gaba kura, baya sayaki. Abin da ya gani a kan teburin yanka ba zai taɓa mantawa da shi ba. Amma ya tuna cewa a 'yan makonnin nan shi da kansa ya buɗe akwati ya rubuta cewa madubi mai ruwan ƙasa ya ƙare, wata rana kuma ya rubuta cewa shago zai makara buɗewa. Shafin Auta yana iya bin sa da yatsa ya karanta. Shafin ƙanwarsa kuwa ko za a yanka shi bai san ta ina ake shiga ba.

Ya tara su a bencin gaba bayan an rufe shago da yamma.

"Ƙanwata, abin da kika yi ya fi ƙarfin hankalina. Wallahi har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. To shi ya sa ba zan ɗora shagon a kansa ba. Kullum sai an canja wa mai amsa waya magana, yau kaza ya ƙare, gobe kaza ya zo. Ba zan riƙa tayar da ke daga aikinki ba a kan madubi mai ruwan ƙasa. Wakili zai zauna a akwatunan Auta. In masu gidan hayar sun kore mu, ranar sai mu zo mu durƙusa miki."

Injiniya ta rufe kwamfutarta a hankali ta ce, "Yadda ka ce, Yaya." Ta tafi ba ta tsaya an raka ta ba. Ya san ya taɓa ta, kuma abin ya tsaya masa a rai, don bai saba ganin bayanta babu dariya ba.

Ana saura kaɗan ta tashi sai ga ta da safe, ba sallamar kirki, ta wuce kanta ta ce wa Auta, "Matsa min, mai gidan haya." Suka haɗa kai a kan kwamfuta ɗaya har rana ta take, wani lokaci suna gardama, wani lokaci suna ƙyalƙyala. Shi yana ciki yana yanka, kunnensa na waje. Can aka kira shi.

Shafin Auta ne, fari, da akwatunansa da ya sani. Amma a ƙasa an ƙara wani guda, bai fi sauran girma ba, an rubuta masa: lissafin yanka.

"Shi ke nan?" ya ce. "Duk zaman da kika yi a kusurwar can?"

"Danna shi, Yaya."

Ya danna. Akwatin ya buɗe, sai ga baƙin shafin nan, tururuwa layi bayan layi. Ya yi ta gangarawa da yatsa, ba su ƙare ba. Ya rufe, ya koma ɗan akwati kamar na ashana. Ya sake buɗewa. Ya sake rufewa.

"Asalinsa yana wurinmu, ba a gidan haya ba," Injiniya ta ce. "Wakili zai riƙa aiko masa da awo ne kawai, shi kuma ya mayar da zane. Wannan kada wanda ya taɓa cikinsa. Sauran ku yi ta wasanku."

Bayan tafiyarta da 'yan watanni, masana'anta ta canja girman fallayen da take kawowa, zanen ya fara fita ba daidai ba. Auta ta kira gwaggonta ta sa wayar a amsa-kuwwa, ta buɗe akwatin, ta danna wani wuri da aka ce ta danna, sannan ta janye hannuwanta ta naɗe su a ƙirji.

Mai Gilashi na tsaye a bayanta sai ya ga ɗan tsinken da ke nuna wurin rubutu a kan shafin ya motsa shi kaɗai. Ya gangara, ya tsaya, ya goge wasu lambobi, sababbi suka fito ɗaya bayan ɗaya, babu hannun kowa a kan madannai. Wani kwastoma ya shigo da sallama, ya ɗaga masa hannu ya yi masa alamar ya yi shiru.

"Lafiya, Alhaji?" mutumin ya raɗa.

"Ƙanwata ce a ciki, tana aiki."

Muryarta ta fito daga wayar, da hayaniyar wani titi da bai taɓa gani ba a bayanta. "Yaya, har nan ina jin numfashinka. Ka je ka gwada, na gama."

Ya ɗauki tef ɗinsa ya wuce ciki, mutumin ya bi bayansa don ya gani.